Irin Gyaɗar Gwangwan a Ƙarƙashin Kwalta

Laraba: Kwanyawa zuwa Karaye

Na bar Kwanyawa da ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba. Daminar da ta biyo bayan farin nan ce, wanda ya sa mutanen garinmu suka cinye har irin da suka ajiye. Ruwan shuka ya sauka ranar Litinin, an binne gero da dawa, amma gyaɗa ko tiya ɗaya babu a garin. Baffa Sule, ƙanen mahaifina, yana da amini a Gwangwan, wani Bafulatani mai shanu da noma, Jauro Bello, shekara arba'in suna tare. Shi ya aiko cewa yana da ragowar iri buhu shida, kyauta, a zo a ɗauka a raba wa jama'a. Ciwon ƙafa ya hana Baffa tafiya, sai aka ce ni.

Ni ne mai mota a garin, in dai za a kira akori-kurata mota. Bayanta a buɗe yake, ko tamfol babu, amma ina jan wata ƙaramar rufaffiyar tirela ta kwano, mai ƙofa ɗaya da 'yan tagogi biyu na shan iska, wadda nake zuba kayan koli in bi kasuwanni. Baffa ya dogara sanda ya rako ni har bakin zaure.

"Sani, kwana biyu na ba ka. Danshin nan ba zai jira kowa ba."

"In Allah ya yarda, Baffa, gobe da la'asar ina nan."

Kafin in isa Karaye ruwa ya kece. Ƙarfe bakwai saura na tsaya kusa da tasha, na buɗe tirela, sai na tarar da ruwa kwance a ciki har ya rufe min yatsun ƙafa. Gyaɗa kuwa in ta jiƙe a buhu sai dai a ba awaki.

Na sha kunu da ƙosai a tsaye, na nufi wajen Malam Garba mai walda, wani dattijo da ba ya gaggawa ko da gobara ce. Sai da ya gama tambayar lafiyar gida da ta Baffa da ta damina, sannan ya hau kan tirelar. Ya ce tsatsa ta cinye kawunan ƙusoshin, haɗin kwanon kuma ya buɗe. Muka jira rana ta fito kwano ya bushe. Ya kankare tsatsar da buroshin waya, ya narka kwalta a rabin duro, ya sirka da kananzir don ta yi laushin shafawa. Ya yanka tsumman buhu ya shimfiɗa a kan kowane haɗi, ya bi da kwalta, ya shafe rufin kaf har ya yi baƙi ƙirin.

"To, ruwa dai ya gama da kai," in ji shi. "Gobe in ta kama jikinta sai mu bi da farin fenti hannu biyu."

"Malam Garba, gobe ai ina Gwangwan. Fentin kwalliya ne, ya jira in dawo."

"Ba kwalliya ba ce. Kwalta tana korar ruwa, amma rana take kira. Farin shi ne ke mayar da zafin."

Na yi masa kunnen uwar shegu. Da ya tafi sallar azahar kuwa sai wayo ya zo min, irin wayon da ke halaka mai shi. Na ce ai ta tagogin nan ma feshi yana shiga. Na cusa musu tsumma, na liƙe da ragowar kwaltar. Da ya dawo ya gani sai ya riƙe haɓa.

"Sani, tirela kake haɗawa ko tanderu?"

Na yi dariya, na sallame shi, na tayar da mota ƙarfe biyu da rabi.

Laraba da yamma: Rogo

Daga Karaye zuwa Rogo kusan mil ashirin ne, amma taɓo ya sa na ci awa biyu da wani abu. A wani shinge ɗan sanda ya tambayi abin da na ɗauko, na ce iska ce kawai. Ya dafa gefen rufin zai leƙa, hannunsa ya manne. Ya ce in wuce kafin in shafa masa a kaki. Na kwana Rogo Ruma a gidan wani abokin cin kasuwata, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, tuwon ɗan kaɗan, don shekarar ba ta bar kowa da yalwa ba.

Alhamis: Gwangwan

Ƙarfe takwas na safe ina rugar Jauro. Dogo ne siriri, yana yi wa iyalinsa Fillanci, ya juyo ya yi min Hausa tas. Aka shimfiɗa min tabarma, aka dama fura da nono mai yawa. Ashe kwana huɗu matan gidan suka yi suna ɓare gyaɗar da hannu, don kada mu ɓata lokaci in na isa gida. Ya ɗebo ya zuba min a tafi, jajaye, cikakku, ba ko ɗaya mai huji.

"Ɗana, wannan tun zamanin babana muke juya ta. Mun ji yunwa bara, amma ban bari an taɓa ba. Ka ce wa Sule in ta yi kyau ya aiko min da ƙulli ɗaya in ɗanɗana."

Muka loda buhu shida. Ya leƙa cikin tirelar, ya shaƙi warin kwalta, ya juyo gare ni.

"Ɓararriya ba ta son zafi. Duk inda ka tsaya ka nemi inuwa, ka buɗe mata ƙofa ta sha iska."

Na ce to. Na danna kwaɗo, na kama hanya ƙarfe goma.

Ƙarfe sha biyu saura, na wuce Rogo da kamar mil biyar, sai tayar baya ta fara kuka, hayaƙi ya biyo. Boris, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya ƙone. Wurin fili ne fetal, gonaki ta ko'ina, itacen da ya fi kusa sai an tsallake rafi. Hadari ya washe, rana ta buɗe irin ta bayan ruwa, mai cizo. Na tuna maganar Jauro, har na kai hannu kan kwaɗon. Sai na ga mutane suna wucewa a ƙafa, duk a rame, suna kallon tirelar. Na ce in na bar ƙofa a buɗe na tafi neman bakanike, ko buhun ba zan tarar ba. Na roƙi wani mai gona ya sa min ido, ban gaya masa abin da ke ciki ba, na taka zuwa Rogo.

Juma'a: jira

Bakaniken ya ce irin boris ɗin babu a Rogo, sai an ba wa direban motar Kano saƙo. Na wuni a rumfarsa, na yi Juma'a a garin, na ci ɗanwake ba tare da na ji ɗanɗanonsa ba. Ko ɗigon ruwa bai sauka ba ranar. Ina zaune a inuwa zufa na karyo min, ina tunanin baƙin rufin can a tsakiyar fili, amma na riƙa lallashin kaina cewa ai kwano ne kawai, me zai yi.

Asabar: komawa gida

Saƙo ya iso Juma'a da magariba. Asabar da hantsi muka je, bakanike ya ɗaura, ya hau kekensa ya koma. Sai da ya yi nisa na buɗe ƙofar. Hucin da ya buge ni sai da na ja da baya. Ruwa kam ko ɗigo bai shiga ba, aikin Malam Garba ya yi. Amma buhunan sun yi zafi kamar an sauke su daga kasko, mai ya tsattsafo ya yi musu tabo. Na ɗebo na murza, ɓawon ya saluɓe, ƙwayar ta rabe biyu. Na tauna ɗaya. Ɗan manomi ne ni, ba sai an gaya min ba. Na zauna a bakin hanya na yi kuka.

Na wuce Karaye ban tsaya wajen Malam Garba ba, kunya ta hana. Na shiga Kwanyawa ƙarfe biyar na yamma, na tarar rabin gari a ƙofar gidan Baffa, kowa da ƙwaryarsa. A hanya na shirya abin da zan faɗa. Sai Iya Dije, wata tsohuwa da ke riƙe da marayun jikoki, ta kama hannuna biyu.

"Sannu, Sani, sannu da wahala. Allah ya yi maka albarka yadda ka rufa mana asiri."

Na ce amin, na yi gum da bakina. Buhunan sun huce, magariba ta kawo kai, aka raba da tiya cikin hanzari. Wanda ya ji wari ya ce na kwalta ne. Washegari kowa ya shuka.

Kwana goma aka yi ana zuwa gona ana tona rami ana dubawa. Nan da can tsiro ɗaya, saura duk ta ruɓe. Lokacin sake shuka ya wuce, irin ma babu. Iya Dije gonarta gaba ɗaya ta ba gyaɗa, shekarar nan a gidajen dangi jikokinta suka ci abinci. Magana ta zaga gari cewa Jauro tsohon iri matacce ya kwashe ya ba mu don a ce ya yi alheri. Baffa ya yi musu har ya gaji, daga baya shi ma ya yi shiru.

Da kaka Jauro ya zo da kansa, da ƙwaryar man shanu, wai ya zo ganin gyaɗa. Baffa ya amsa gaisuwarsa a daƙile, ya gaya masa abin da ake faɗa. Ina tsugune a gefe. Jauro ya juyo ya dube ni.

"Ɗana, ka buɗe mata ƙofa kuwa?"

Na ce, "Na buɗe."

Ya gyaɗa kai, ya ajiye man, ya ɗauki sandarsa. Bai sake taka Kwanyawa ba, da ya rasu kuma Baffa bai aika gaisuwa ba. Shi ma Baffa ya bi shi bayan shekara biyu, ban iya gaya masa ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malam Garba da ya faɗa min gaskiya ban ji ba, da mai gonar da ya tsare min kayan da na riga na kashe. Babbar godiya ta Jauro Bello ce, Allah ya jiƙansa, da matan gidansa da suka ɓare buhu shida da hannu. Mutanen Kwanyawa da za a karanta wa wannan, ku sani irin da ya ba ku lafiyarsa ƙalau ya shiga tirelata.