Injin Jirgi a Gindin Dutse

Har yau in warin fetur ya haɗu da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Rikoto, ina cika rabin ganga da ruwa. Ni ba mai karatu ba ne, yawan magana ma ya ishe ni, amma wannan kam bari in faɗa maka.

Damina ta yi nisa lokacin da saƙo ya zo cewa yayar Kaka, wata makauniyar tsohuwa da ke ƙetaren Gulbin Ka, jikinta ya yi nauyi, tana ta kiran ƙanwarta. Gulbi ya cika. Masu fito suka ce ba za su tuƙa Kaka da filafili cikin wannan igiyar ruwa ba. Kawuna tsohon soja ne, a yaƙin Bama ya ga jiragen ruwa masu inji. Sai ya bar gonarsa ya tafi Yawuri, ya sayo injin jirgi na hannu wurin wani masunci. Fentinsa duk ya goge, igiyar ja ma ƙulle-ƙulle ce.

Mu mutanen dutse ne, ruwan da muka sani na rijiya ne da na rafi. Ranar da jaki ya shigo da injin, maƙwabta suka cika ƙofa.

"Soja, ina kogin?" in ji wani.

"Yana tafe," Kawu ya ce. "Matsa kar ya kwashe ka."

Ya ɗaure shi a bakin ganga, gindin ɗorawa, don ba a tada shi sai ƙafarsa na cikin ruwa. Injin nan ya ba mu wuya. Kawu ya yi ta jan igiya har kafaɗarsa ta kumbura. In injin ya ga dama ya tashi, sai ya yi ta kakkarwa kamar mai zazzaɓi, ya yi tari, muryarsa ta ja baya, ya mutu. Kawu ya cire fulogi ya gasa a murhun Kaka, ya kankare shi da allura. Ya wanke kafireto a kwano. Ya tace fetur da tsohuwar hularsa ta soja ko akwai ruwa ciki. Duk a banza.

Amma ɗan lokacin da yake tashi ɗin nan, ban taɓa manta shi ba. Hayaƙi shuɗi ya kwanta ƙarƙashin ɗorawa, ruwan ganga na juyawa, sai in ga kamar gidan duka ya saki ƙasa, da rumbuna da kaji, muna tafiya a hankali tsakanin duwatsu. Kaka kan daina ɓarar gyaɗa ta rufe ido. In ya mutu ta buɗe, ta ci gaba da ɓara. Saƙo na biyu ya zo, wai tsohuwa ta daina cin tuwo.

Wata safiya injin na shirin mutuwa, Kawu ya kwance murfin tanki don ya duba ko mai ne ya ƙare. Muka ji iska ta ja, fuu. Nan take injin ya miƙe, muryarsa ta daidaita. Kawu ya juya murfin a tafin hannunsa. Akwai wata 'yar huda a tsakiya, an cike ta da kakin zuma, sumul, irin aikin mai gyaran ƙwarya.

"Ni na toshe," in ji Kaka. "Tun daren da ya iso nake jin warin man nan yana gudu. Ka bar gonarka ka sayo abu, sai in zuba ido ya tsiyaye? Ko rumbu ba a bari da huda."

"Inna, ta nan yake numfashi."

"To, wa ya faɗa wa?"

Kawu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya share ido da bayan hannu ya ce in kawo jaki.

Wani masunci ya ara mana kwalekwale. Kaka ta zauna a ƙasansa, ta riƙe wuyan hannuna, ba ta kalli ruwa ba ko sau ɗaya. A tsakiya injin ya yi tari, farcenta ya shige ni, sai injin ya ci gaba. Muka tarar da tsohuwa kwance bisa tabarma, ta ji ƙararmu tun daga gaɓa.

"Wa ya zo mani da aradu?" ta ce.

"Ni ce, Yaya."

Ta ɗaga hannu ta shafa fuskar Kaka, daga goshi har haɓa, ta daɗe tana shafawa. Kafin gero ya nuna, yayar Kaka ta rasu.

Yanzu mota ke ƙetarewa ta gada, ba mai ko leƙa ruwan. Ni kuma gyaran injin niƙa da na ban ruwa nake yi, bayana ya gaji. Duk injin da aka kawo mani, kafin in taɓa sifana, murfin tanki nake fara kwancewa. Wani lokaci in yaran shago ba sa kallo, nakan kai shi hanci, ko zan ji kakin zuma.