Hanjin Dalhatu bai kai Yamai ba

Dalhatu mahauci ne a kasuwar Gidan Amumune. Shekara ashirin yana bisa tebur ɗaya, kusa da masu saida gishiri. Mutum ne mai baki. In ka taya nama da arha sai ya ce ka je ka tambayi akuyar ko ta yarda.

Shekara biyu yana ganin jini in ya zaga bayan gida. Kowa ya ce basir ne. Ubansu ma basir aka ce, ya rasu bai cika arba'in da biyar ba. Gwaggonsu haka. Dalhatu ya sha saiwa ya sha sassaƙe har wando ya daina zama a ƙugunshi. Ƙanwarshi Fatiha, da ke aure a Tasawa, ita ta tasa shi gaba zuwa Maraɗi. Aka ce kansar hanji ce. Shekararshi talatin da takwas.

Kahin a yi mishi aiki, likita ya zaunar da shi su biyu.

"Abin da za mu yanke, ba yar da shi za a yi ba. Labo za a kai shi, ɗakin gwaji, can Yamai."

"Dokta, hanji ne hwa. Ni a kilo nike saida shi."

Likitan ya yi dariya, sannan ya yi mishi bayani. Za a yanka naman siriri kamar ɓawon albasa, a sa mishi launi, a nemi wasu sinadarai huɗu da ke gyara kuskure a cikin ƙwayoyin jiki. Ko kuma a sa naman ciwon da lafiyayye cikin na'ura a gwada su. In aka ga gyaran ba ya aiki, MSI ake ce ma wannan. Magani yana iya sakewa. Kuma yana iya zama ciwon gado ne, sai a bincika ƴan uwa, a sa ido bisa ɗiya tun da wuri. Ɗiyan Dalhatu ukku ne. Daga nan bai sake yin wasa ba.

Ranar aikin Fatiha ta koma Tasawa, tana da goyo. Yayansu Umaru, manomi, shi ya zauna jinya. Wani ma'aikaci ya fito ya miƙa mishi kwalba mai murfi, nama na ciki cikin ruwan magani, da takarda da Faransanci. Ya ce, "Ga abin da aka cire, ku tahi da shi." Ya juya. Jimla guda ta rage ya ƙara, cewa labo za a kai, bai ƙara ba.

Umaru bai yi lakwal ba, bai iya karatun boko ba. Abin da ya sani tun yana yaro, ko yatsa aka yanke ma Musulmi ba a bari a wulaƙance. Ya naɗe kwalbar cikin rawani, ya bi mota, ya bi kabu-kabu, ya kai ma mahaifiyarsu. Inna ta zubar da ruwan, ta wanke naman da hannunta, ta yago farin ƙyalle. Umaru ya haƙa rami a gefen maƙabarta ya rufe.

Kwana biyar kahin Dalhatu ya iya magana sosai.

"Yaya, an kai Yamai?"

"Mi za a kai?"

"Hanjin."

"Kwantar da hankalinka, autan mahauta. Mun yi mishi sutura. Inna da kanta ta wanke."

Dalhatu ya daɗe yana kallon silin. Ya ce, "Allah saka."

Fatiha ce ta yi faɗa. Ta tsare Umaru a bakin ƙofar asibiti.

"Kai ba ka da baki ne? Ba ka da lambata?"

"Ke, in tambaye ki yadda ake rufe naman ɗan uwana?"

"Ga takarda an ba ka."

"Takardar na nan, ban yar ba."

Ya zaro ta daga aljihu, a ninke, tsab.

Likita ya ce ko an tono ba shi da amfani, ƙasa ta gama da shi. Akwai gwajin jini, amma ba nan kusa ake yin shi ba. Aka ba Dalhatu maganin da ake ba kowa. Ya koma tebur wata huɗu, yana zaune wani na yanka. Ciwon ya dawo ta hanta, jikin kuma bai da ƙarfin a sake ɗibar nama. Ya rasu ana cikin girbin hatsi.

Satin ƙarshe ya riƙe hannun Fatiha. Ɗiyan yake tambaya, ko suna da shi. Ta ce ba ta sani ba. Ya ce to wa ya sani?

Likita ya ce tunda babu amsa, su ɗauka kamar akwai: ita da Umaru su riƙa zuwa ana duba hanjinsu da kyamara, yaran ma in sun girma. Fatiha ta je sau ɗaya. Umaru ya ce sai bayan damina, damina biyu ke nan.

Inna kuwa ba wanda ya gaya mata. In mata suka zo gaisuwa har yanzu takan ce, ko ba komi, ba ta bar naman ɗanta a bolar asibiti ba.