Bargon da Kakana Ya Saya

Tun da safe nake buɗe akwatin ’yata ina rufewa. Jibi za ta tashi zuwa tsibirin Kubrus karatu, ni kuma na kasa zama wuri ɗaya. Da na janyo tsohon bargon nan daga saman kwaba, warin kafur ya bugi hancina, sai ga ni ’yar shekara goma a gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka, ina tari, kakana yana ba da labarin tsibiri.

Kakan nan nawa, mahaifin babana, sau ɗaya ya taɓa zuwa Kubrus. Kuku ne a gidan wani attajiri, aka tafi da shi hutu can tsakiyar Bahar Rum ya yi musu girki na wata guda. Wata gudan nan kuwa ya ishe mu shekara da shekaru. In ya zauna a bakin ƙofa bayan la’asar da shayinsa, ko maganar tsadar albasa aka ɗauko sai ta ƙare a tsibirin. Ruwan teku ɗumi kamar na wanka, ɓaure ya nuna har yana tsagewa a bishiya, iska busasshiya mai ƙamshin ganye, sama ko ɗigon hadari babu. Kullum da abu ɗaya yake rufewa, wai duk mai son ganin tsibirin ya je a Sha’aban, don shi a Sha’aban ya je.

Ni kuwa da ciwon ƙirji na tashi. Ƙurar unguwa da hayaƙin motocin alhazai su kan sa numfashina ya riƙa fito kamar usur. Da babana ya samu aikin gini a tsibirin, ya aiko mana da takardu mu ziyarce shi ni da Umma, kakana ya ce magani ya zo har gida. Shi ya tsayar da lokacin tafiya. Ba sai na gaya muku wane wata ya zaɓa ba.

Ina tuna ranar haɗa kaya. Umma ta je kasuwar Jarwal ta samo mini rigar sanyi mai kauri, ta shimfiɗa ta a ƙasan akwati. Kakana ya leƙo, ya sa hannu ya zaro ta da yatsa biyu, ya ce wannan nauyin banza ne, ya jefa mafici a madadinta. Umma ta durƙusa, ta yi ƙasa da murya yadda suruka take yi.

“Baba, ai wata yana juyawa. Sha’aban ɗinku na wancan lokacin a zafi ya faɗo.”

“Ke kin je ne?” in ji shi.

Shi ke nan magana ta mutu. Abin da ke ba ni haushi har yau, mutumin nan ya yi azumi a tsananin zafi, ya yi a sanyi, ya fi kowa sanin wata ba ya tsayawa. Amma a Makka da Hajji da Ramadan muke lissafin shekara, ba mu da damina balle kaka, sanyinmu kuma bai wuce a kashe na’urar sanyaya ɗaki ba. Shekara goma sha shida sun wuce tun zuwansa, shi kuwa ya ɗaure tsibirin a rana ɗaya ya hana shi motsi.

Muka sauka cikin ruwan sama. Ba irin na Makka ba, da zai zubo ya cika kwararo ya wuce kafin ka gama mamaki. Wannan siriri ne mai naci, kwana da kwanaki, ga iska daga teku tana ratsa atamfa kamar ba ka sa komai ba. Tekun da aka ce mana shuɗi ne, toka-toka muka gan shi yana dukan duwatsu. Bishiyar ɓauren da ke bayan ɗakin babana ko ganye ɗaya babu. Babana ya dube mu a filin jirgi da silifa a ƙafa, ya riƙe baki. Ashe ya ɗauka kowa ya san hunturu ne, bai ga dalilin faɗa ba.

Ya saya mana kayan sanyi washegari, amma aikin gama ya gama. Bayan kwana uku ƙirjina ya toshe. Sati biyu na yi a asibiti da roba a hanci, ina kallon ruwa yana bin gilashin taga, Umma tana kai da kawo tsakanin gadona da ƙofa, ta kasa zama ta kasa fita. Na tsorata ƙwarai, don na ga babana yana kuka.

Da muka dawo, tun daga gindin tudun unguwarmu na hango kakana tsaye a ƙofar gida, rana tsaka, rungume da bargo sabo fil a ledarsa. Ya rame. Bai ce a yi haƙuri ba, ba ya cikin masu faɗin haka. Ya yage ledar da haƙori, ya lulluɓe ni tun daga kai, ina gumi ina mutsu-mutsu, ya ƙi sakina. Daga ranar bai ƙara ambaton tsibirin ba har ya rasu. Na yi kewar ɓauren nan nasa fiye da yadda zan iya faɗa.

Yanzu rabin tudun namu an rushe, otal-otal sun tsaya a wurin, yara kuma a waya suke duba yanayin kowane gari. Ɗazu ’yata ta tarar ina danna bargon cikin akwatinta. Ta nuna mini wayar, wai ƙarshen bazara ne can, zafi ake yi, mutane na wanka a teku.

“Ke kin je ne?” na ce.

Da muryar kakana maganar ta fito. Na zaro bargon na zauna a bakin gado da shi a cinya, na rasa inda zan sa idona. Ita kuwa ta karɓa, ta ninke shi da kyau, ta mayar ƙasan akwati.

“Bar shi, Umma,” ta ce. “Ai sanyin zai same ni a can.”