Gaba a Kan Kwatabak

Na daɗe ina aikin nas a wani asibiti a Bronx, nan Amurka, kuma na ga rigima iri-iri, har da 'yan'uwan da suka kusa dambe a bakin gadon mahaifinsu a kan wanda zai riƙe makullin gida. Amma wadda ta fi ba ni haushi a falona aka yi ta, a Parkchester, tsakanin mijina da yayana, a kan wani Bature da bai san da zamansu a duniya ba.

Yayana direban taksi ne, tun kafin in zo ƙasar nan yake ɗaukar fasinja daga filin jirgin sama na JFK. A filin da direbobi ke bin layi mutum yakan yi awa biyu ko uku a zaune cikin mota kafin a kira shi. A nan ya saba da rediyon wasanni, inda ƙatti masu iyali ke bugo waya tun da safe suna kumfar baki a kan ƙwallon Amurka. Ba irin tamu ba ce da ake bugawa da ƙafa. Wannan ta yi kama da gwanda, rungumarta ake yi a ruga da gudu, wasu ƙatti su bi mutum su danne shi, a busa usur, a tsaya a yi talla. A Kano ko ƙwallon ƙafar ma Yaya bai taɓa kulawa da ita ba, amma ya zo nan ya zama malami.

Mijina kuwa a sashen kwamfuta na wata jami'a yake aiki. Shi ya koyi wasan ne don ya samu abin faɗa ranar Litinin idan abokan aikinsa sun taru wurin shan kofi. Ya koye shi kamar yadda ya koyi komai a rayuwarsa, ta hanyar haddace lambobi. Daga shi har Yaya babu wanda ya taɓa riƙe ƙwallon nan a hannunsa. Mijina ko matakalar tashar jirgin ƙasa ya hau sai ya tsaya ya huta.

Ƙungiya ɗaya suke goyon baya, ɗaya daga cikin biyun da ke garin nan. Duk Lahadi bayan azahar Yaya da matarsa sukan zo, in tuƙa tuwon shinkafa da miyar taushe, mazan su baje a gaban talabijin, ni da ita mu zauna a kicin muna hirarmu. Shekaru muka yi a haka ba wanda ya ji kanmu.

A wasan akwai wanda suke kira kwatabak. Shi ake fara miƙa wa ƙwallo, ya ja da baya ya jefa wa na gaba. In an ci shi ne gwani, in an sha kashi shi ake tsine wa. Nasu ya daɗe a ƙungiyar, ya taɓa ciyo musu kofi, amma ƙarfinsa ya fara ja baya. Yaya ba ya kiran sunansa, Dattijo yake ce masa, da irin muryar da yake ambaton limamin unguwarmu. To a wata bazara shugabannin ƙungiyar suka ɗauko wani saurayi daga jami'a, kuma da aka shiga kakar wasa aka sha kashi sau biyu a jere, sai suka zaunar da Dattijo a benci suka sa saurayin.

Lahadin da ta biyo baya Yaya ya shigo fuskarsa kamar an aiko masa da rasuwa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya fara. Ya ce wannan butulci ne tsagwaronsa, mutum ya ɗauke ku a kafaɗa shekara da shekaru, ana ruwa ana ƙanƙara bai taɓa cewa ya gaji ba, yau don ya yi tuntuɓe ku jefar da shi. Ya ce laifin masu tare masa gaba ne, waɗanda suka zama kamar labule kowa ya ɗaga ya wuce. Ya ce in ana lissafa gwanayen da aka taɓa yi a wasan nan, duk wanda bai sa Dattijo a sahun farko ba to ko dai jahili ne ko mai hassada.

Mijina ya zaro waya. Na san wannan zarowar, ita yake yi mini in na ce abinci ya yi tsada. Ya shiga karanto lambobi, ya ce kofin da ake ta tutiya da shi masu tsaron baya ne suka ciyo shi, Dattijo yana tsaye ne kawai aka ɗauki hoto da shi. Ya ce shekarun nan mutumin yana miƙa wa abokan hamayya ƙwallo kamar mai rabon sadaka ranar Juma'a. Ya ce da tun bara aka sallame shi da yanzu an yi nisa.

Na kawo tuwo na ajiye, ina tsammanin zai rufe musu baki. Suka ci gaba da loma a baki. Yaya ya ce akwai abin da lamba ba ta aunawa, kuma duk direbobin filin jirgi sun yarda da shi. Sai mijina ya yi 'yar dariya, ya ce, “Yaya, wannan fa magana ce ta ilimi, ba hirar layin taksi ba ce.”

Yayana injiniya ya karanta a Zariya. Takardunsa suna nan cikin wata jaka a saman kabad, ya yi shekaru yana yawo da su ofis-ofis kafin ya haƙura ya kama sitiyari. Mijina ya san wannan sarai. Yaya ya tsame hannunsa daga kwano, ya tashi ya wanke a kicin, ya goge da tawul a hankali. Da ya dawo ya ce, “Gaskiyarka, direba ne ni. Direban ne dai ya ɗauko ka daga filin jirgi da akwati ɗaya ɗaure da igiya, ka yi wata biyar kana kwana a kan kujerar falonsa.” Ya kira matarsa. Ta fito tana gyara mayafi tana kallona, ni ma ina kallonta, suka tafi.

Na ce wa mijina ya bi shi ya ba shi haƙuri. Ya ce shi gaskiya ya faɗa a kan kwatabak. Na ce babu mai maganar kwatabak a nan. Ya ce to zai gyara. Bayan kwana biyu ya nuna mini gyaran da ya yi: ya tura wa Yaya wani dogon jadawali na lambobi, ya ja layi ja a ƙarƙashin wasu, ya rubuta a ƙasa cewa ya duba da idon basira. Mutum mai digiri biyu ke nan. Yaya ya mayar masa da bidiyon ranar da aka ci kofi, bai ƙara ko harafi ba.

Daga nan gaba ta kankama. Akwai guruf ɗin waya na mutanen garinmu da aka buɗe don sanarwar suna da ta'aziyya, sai ya koma fagen fama. Wani likita ya bi bayan mijina, direbobi suka bi bayan Yaya, wani ɗan Maraɗi da bai san ko ƙwallon zagaye take ko mai tsini ba ya riƙa turo musu nasiha da Faransanci. Sanarwar rasuwar kakar wata mata ta nutse a cikin surutun, sai bayan kwana uku aka lura da ita. Ranar Juma'a a masallaci, ɗayansu ya tsaya a wannan ƙarshen sahu ɗaya a wancan, ana sallame salla kowa ya nemi takalminsa.

Abin ya ƙara lalacewa da saurayin ya ci wasa biyu. Mijina ya sayo riga mai lambarsa, ƙatuwa har gwiwa, ya riƙa sa ta a kan wandon kaftani yana zagaya falo. Yana cewa “mun” yi daidai da muka ɗauko shi, “mun” hango nesa. Na tambaye shi a wane taron aka zauna da shi aka yanke shawarar. Ya ci gaba da zagayen falonsa.

Da aka yi wata guda na kai ƙara wurin wani Alhaji mutumin Kumasi mai kanti a Morris Heights, inda nake sayen daddawa da manja. Mutum ne da ake jin maganarsa, ya sasanta aure da dama. Ya kira su duka biyu ranar Asabar da hantsi, ya zaunar da su a bayan kanti kan buhunan shinkafa, ni kuma na tsaya wajen firjin kifi inda nake jin komai. Ya fara da kyau. Ya tuna musu cewa addini bai yarda musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku ba, balle suruki. Suka sunkuyar da kai. Sannan ya tambayi asalin maganar. Da suka faɗa masa sai ya gyara hula, ya ce da irin Hausarsu ta zangon Kumasi, “Ku duka biyu ba ku san bol ba.” Ashe shi wata ƙungiya ta wani gari yake bi. Ya ce tsohon da saurayin duk tarkace ne, gwani ɗaya aka taɓa yi kuma nasu ne, ya fara ƙirga kofuna da yatsu. Kafin minti biyar murya uku ke tashi a bayan kantin. Na biya kuɗin daddawata na kama hanyar tashar jirgin ƙasa.

Yadda labarin ya isa Kano ban sani ba, ina zargin matar Yaya ta faɗa wa ƙanwarta. Ina hutun cin abinci a asibiti sai ga kiran bidiyo daga Hajiyarmu. Idonta ya yi ja. Ta ce ta ji an ce ɗanta da surukinta ba sa ga-maciji wata biyu, kuma kowa yana ɓoye mata dalili, in faɗa mata gaskiya ko aurena ne ya samu matsala. Na ce lafiya lau aurena yake. Ta ce to mene ne. Ina zaune da cokali a hannu, ga abokan aiki a gefe, na shiga yi wa tsohuwa mai shekara saba'in da wani abu bayanin kwatabak. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ta saurara har na gama. Ta ce, “Shi wannan da aka zaunar, ɗan'uwan wani ne a cikinsu?” Na ce a'a. Ta ce korarsa aka yi ba abinci? Na ce Hajiya, abin da yake samu yana zaune a bencin nan ya ishi unguwarmu gaba ɗaya. Ta ce, “To ya san su?” Na ce ko a hanya bai taɓa ganinsu ba. Sai ta ce in haɗa ta da su ranar Lahadi, su biyun a wuri ɗaya.

Yaya ya zo don ba shi da yadda zai yi. Na jingina wayar da kwalbar ruwa a kan tebur, su biyu suka durƙusa a gabanta, masu furfura. Ba zan maimaita duk abin da ta faɗa ba. Ta ce ta yi zaton ta aika maza ƙasar waje. Ta ce wa Yaya shi ne babba kuma shi ne babban sakarai, ta ce wa mijina ilimin da bai hana mutum wulaƙanta wanda ya ba shi masauki ba, gara jahilci da shi. Mijina ya fara cewa in har ya faɗi abin da bai yi wa Yaya daɗi ba, sai ta katse shi ta ce ya cire “in har” ɗin. Ya cire. Yaya ya ce ya wuce. Suka yi musabaha kowa yana kallon bango.

Na zuba abinci, aka hau ci, talabijin a kashe. Har na fara murna. Can sai Yaya ya duba agogo, mijina ya duba rimot. A lokacin tauraron saurayin ya riga ya dusashe, an yi makonni ana lallasa su. Suna kunnawa saurayin ya ɗaga hannu ya jefa ƙwallo kai tsaye ga abokin hamayya. Na jira Yaya ya yi dariyar mugunta, amma sai ya ce ba laifin yaron ba ne, wa zai iya jifa da irin waɗannan masu tare gaba. Mijina ya ce ai abin da yake faɗa ke nan, manajan da ya tara 'yan wasan nan ko rumfar shayi bai cancanci a ba shi ba. Yaya ya ce a haɗa da kocin. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun kori manaja, sun kori koci, sun sayar da rabin ƙungiyar, suna miƙa wa juna nama. Maganar layin taksi da akwati mai igiya ba wanda ya sake tayar da ita, har yau.

Dattijo ya yi ritaya a ƙarshen kakar. Saurayin ya yi 'yan shekaru yana faɗi-tashi, shi ma aka sallame shi aka kawo wani. Rigar mai lamba na cusa ta cikin kayan da muke aikawa gida, mijina bai taɓa tambayar inda take ba. Har yanzu ba su daidaita a kan ko Dattijo gwani ne ba, sai dai yanzu in muryarsu ta fara tashi matar Yaya takan ɗaga waya ta ce za ta kira Kano.

Ni dai da kakar wasa ta sake zagayowa na je wurin shugabar sashenmu na roƙi a mayar da ni aikin Lahadi. Ta yi mamaki, don ba mai son ranar. Na bar musu tuwo a kula na tafi. Ɗakin farko da na shiga wani tsoho ne kwance da robar iska a hanci, da ƙyar yake numfashi. Ya yafito ni da hannu, na sunkuya ina zaton ciwo zai faɗa mini. Ya ce talabijin ɗinsa ta ƙi kamawa, ko na san wa ke kan gaba a wasan. Na ce ban sani ba, na ɗaura masa abin awon jini.