Kujera ta Huɗu a Gidan Masu Banjo

Bayan na fita takaba na dawo gidanmu a unguwar Amrigebe, sai na tarar an ba wasu Amurkawa hayar gidan da ke kallon namu. Miji da mata ne. Shi dogo, sana'arsa haƙar rijiyar burtsatse a ƙauyuka, ita kuma tana koyarwa a wata makaranta. Duk Asabar bayan la'asar wani abokinsu likitan ido, mai sanƙo, zai zo, su buɗe ƙofar gida, su zauna a gindin darbejiya su yi ta kiɗa har a kira magariba. Matar tana goge irin na Turawa, likitan yana jita, dogon kuma yana kaɗa wani abu mai fata da dogon wuya da suke kira banjo. Kiɗan mutanen ƙauyen ƙasarsu ne, bulugiras suke ce masa. Ni da farko kunnena bai karɓe shi ba. Sauri ya yi masa yawa, kuma idan suka haɗa murya ta hanci suke yi, sai ka ce mura ta kama su gaba ɗaya.

Baba ne ya fara ba ni mamaki. A lokacin ya bar wa yayyena shagon atamfa, ba shi da aiki sai zaman dakali da carbi. Na lura duk Asabar carbin yana tsayawa, babban yatsansa kuma yana motsi a kan gwiwa. A gidanmu kowa ya san labarin amma ba a faɗa: Baba ya yi kiɗan gurmi da ƙuruciya, har ana ɗaukarsa biki. Kakanmu ya ce ɗan fatake ba ya zama maroƙi, ya yi masa aure ya zaunar da shi a shago. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin gurmin ba.

Da zafi ya tsananta kafin damina, fatar banjon ta tsage. Dogon ya tsallako da shi a hannu yana tambaya da gurguwar Faransancinsa inda ake sayar da fata. Baba ba ya jin Faransanci, sai aka kira ni na yi tafinta. Baba ya karɓi abin, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce a bar masa. Ya sa aka kawo jemammiyar fatar akuya, ya jiƙa, ya ɗaure, ya shanya a inuwa. Ranar da mutumin ya dawo karɓa, Baba ya ce bari ya gwada ko ta kama. Ya ɗora a cinya ya taɓa igiyoyin, ya lalubo wani tsohon take, ya bi shi kaɗan ya saki. Mutumin ya tsuguna a gaban dakali baki buɗe. Ni kuma ban san hannun ubana ya iya haka ba.

Nan take mutumin ya ce don Allah Baba ya zo ranar Asabar su yi kiɗa tare. Na fassara. Baba ya yi murmushi ya kaɗa hannu.

“A'a, a'a. Ai mun tsufa, wannan sai ku.”

Duk Bahaushe ya san wannan a'a. Ita ce wadda baƙo yake yi idan an ajiye masa akushi, alhali tun safe bai ci komai ba. Ana maimaita tayi, ya sake nuna kawaici, a matsa, a ce ba za a yarda ba, sannan ya sa hannu. Dattijo kamar Baba, wanda aka san shi da shago da sahun gaba a masallaci, ba zai yi tsalle ya amsa tayin kiɗa da baki ɗaya ba. Sai an ja shi, yadda gobe idan abokan zamansa suka yi magana zai ce maƙwabta ne suka matsa.

Mutumin ya dafa ƙirji ya ce ya fahimta, ba zai takura masa ba. Ya yi godiya da Larabcin kasuwa, “Shukran katir, Abba,” ya tsallaka gida.

Washegari na ji Baba yana jan akwati daga ƙarƙashin gado. Gurmin yana ciki, naɗe da tsohon zanen mahaifiyarsa. Ya canza masa tsirkiya, ya shafe ƙwaryar da man shanu. Da Asabar ta zo ya yi wanka bayan azahar, ya sa farar riga mai aiki, ya jingine gurmin a bayan ƙyauren zaure inda hannu zai kai, ya fita dakali ya zauna. Aka fara kiɗa a can. Dogon ya ɗago hannu ya gaishe shi, Baba ya amsa. Har aka kira magariba ba wanda ya tsallako.

Haka Asabar ta gaba, haka ta bayanta. Na gaji na ce masa, “Baba, mutanen nan ba su san kara ba. Ku bari in je in gaya musu su sake tambaya.”

“Uwata,” in ji shi, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “idan kika je kika roƙa, ai ba gayyata ba ce kuma. In kin yi, ban yafe ba.”

Wanda ya tashi a gida irin namu ya san nauyin wannan kalma. Ban je ba, sai dai na bi ta bayan gida. Na aika musu dambun nama, matar ta rama da wani kek mai ayaba. Na aika fura, ta aiko da ruwan lemo. Muka yi ta musayar kwanuka, tafiyar da nake so a yi kuwa taku kaɗan ce daga ƙofarsu zuwa dakalinmu.

Daga dakalin ana hango gindin darbejiyar. Su uku ne amma kullum kujeru huɗu suke fitarwa, ta huɗun shuɗiya ta roba, ba mai zama a kai. Baba ya lura da ita. Wata rana ya ce mini, “Suna da wani ɗan uwansu da suke jira, ga kujerarsa can. Idan ya zo sun cika, ba sa bukatar kowa.” Ya faɗa yana dariya, amma daga ranar ya daina sa farar rigar. Dakalin dai bai fasa ba, yatsan ma bai daina motsi ba.

Damina ta wuce, wata ta zo. Aikin rijiyoyin ya ƙare, muka ga ana fitar da kaya. Ana gobe za su tashi, da hantsi, dogon da matarsa suka zo sallama, shi yana ɗauke da shuɗiyar kujerar. Ya ajiye ta a gaban Baba ya yi magana, ni kuma na fassara. Ya ce kujerar ta Baba ce. Tun ranar da ya gyara banjon suke fitar da ita duk Asabar, su bar ƙofa a buɗe, ko zai canza ra'ayi. Ya ce a wurinsu idan babba ya ce a'a, rashin kunya ne a sake damunsa, shi ya sa suka bar kujerar ta yi magana.

Baba ya daɗe yana kallon kujerar. Can ya ce, a hankali, “Ashe ni ne.”

Na ce to ai ga rana, a ɗauko banjon yanzu. Matar ta ce kayan kiɗan sun riga sun tafi filin jirgi a akwati tun jiya, likitan ma ya yi gaba. Gurmin yana nan bayan ƙyaure, taku biyu daga inda suke tsaye, Baba bai ce a ɗauko ba. Ya yi musu addu'ar sauka lafiya, ya ba matar turmin atamfa.

Har yau idan na tuna haushi nake ji, kuma na rasa wa zan ɗora wa. Kowa a cikinsu ladabi ya yi, ladabin da aka koya masa a gidan ubansa. Gidan nasu yanzu wani ɗan kasuwa da ya zo daga Najeriya ne a ciki, ya sare darbejiyar ya yi shago.

Baba ya mayar da gurmin akwati a wannan makon, bai sake fito da shi ba. Amma ya bar zaman dakali. Duk Asabar bayan la'asar sai ya ce a fitar masa da shuɗiyar kujerar, ya zauna a kanta yana fuskantar ƙofar gidan nasu da ke rufe, har shekarar da ya rasu.