Tabarau Mai Ruwan Goro

Na fara koyarwa a wani ƙauye na karkarar Droum, shekarar da aka yi mini aure. Lakwal ɗinmu, wato makarantar, ƙarama ce, kuma da yake ni ce sabuwar malama, ajin zana aka ba ni. Iyayen yara ne ke kafa shi bayan girbi, da karan gero da ƴan itatuwa, damina ta zo ta kwashe. Wanda ya hango shi daga nesa zai ce inuwa ce mai daɗi. Amma rana tana ratsowa ta kowace kafa, ta zuba ɗigo-ɗigo a kan allo da fuskokin yara, idan iska ta kaɗa zanar sai ɗigon ya yi ta rawa. A cikin ajin nan ciwon ɓarin kai ya kama ni da gaske.

Yakan fara ne da wani ƙyalli a gefen idona na hagu, kamar an fasa madubi an watsa. Sai rabin abin da nake kallo ya ɓace. In dubi yarinya, in ga kallabinta da ido ɗaya, sauran fuskar babu. Bayan nan ciwon ya sauka a ɓari guda, yana bugawa kamar ana daka a turmi, zuciyata ta riƙa tashi. A lokacin ko farin alli ba na iya kallo.

Na san ciwon tun kafin ya zo mini. Innata ma takan ɗaure kanta tamau da ɗankwali, ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, mu kuwa mu yi ta raɗa a tsakar gida. Da ta ji nawa ya fara, sai ta ce, "Ashe ke na bar wa." Ita ta kai ni wurin wanzami aka yi mini ƙaho. Na sha rubutu, na shaƙi hayaƙi, na sha saiwoyi masu ɗaci. Wata gwaggona ta dage cewa iska ce ta shafe ni a hanyar ƙauye. Kowane magani yakan yi kamar ya karɓe ni, sai ciwon ya dawo yadda yake. Aka kwashe ƴan shekaru a haka.

Maigidana direban motar kaya ne, mutum mai ƙarancin magana. Wata rana ya dawo daga kasuwar Dole ta Zinder da baƙin tabarau irin na ƴan kabu-kabu, ya miƙa mini ya ce in gwada. Na ji sauƙi ƙwarai, har na riƙa shiga aji da shi. Ba a daɗe ba shugaban lakwal ya kira ni gefe.

"Malama, dattawan gari sun kawo ƙorafi," in ji shi. "Sun ce kina gaishe su ba sa ganin idonki. Wasu na cewa girman kai ne na ƴan birni."

Na ce masa, "Mushe," kamar yadda muke kiran malamai maza, "ba ado nake yi ba. Ciwo ne."

"Na sani. Amma ciwon kai, wa ba ya yi?"

Wannan tambayar na sha jin ta a rayuwata, daga bakin masu ƙaunata da waɗanda ba su damu da ni ba. Ban taɓa samun amsar da ta gamsar da kowa ba.

Abin da ya fi ƙorafin dattawa muni shi ne, idanuna suka saba da duhu. Idan na cire baƙin tabarau, ko hasken asuba sai ya soke ni. Da hutu ya zo maigida ya kai ni wurin wani likitan ido a cikin garin Zinder. Mutum ne mai haƙuri, ya saurare ni har na gama. Ya ce idanuna lafiya lau suke, matsalar a kai take. Ya ce baƙin tabarau a cikin ɗaki ƙara lalata abin yake yi, amma akwai wani iri mai launi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, wanda ke tace hasken da ya fi tayar da ciwon ba tare da ya jefa mutum cikin duhu ba.

"Zai warkar da ni?" na tambaye shi.

"A'a, Madam. Wasu yana rage musu. Wasu ba ya yi musu komai. A nan ma ba za ki same shi ba."

Maigida yana da aboki, wani Alhaji ɗan Kano mai sayar da atamfa, wanda maigida yake ɗaukar wa kaya. Shi ya ɗauki nauyin nemowa. Ya tafi ya dawo babu, ya sake tafiya ya dawo babu. Har na cire rai, sai ga shi da kansa a ƙofar gida da ɗan akwati naɗe a cikin hankici. Ya ce, "Malama, na zaga shaguna har ƙafata ta kumbura. Allah Ya sa a dace."

Na saka tabarau ɗin a tsakar gida da hantsi. Komai ya yi taushi. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa ya daina cizon ido, kwanonin da aka kife a rana suka daina walƙiya. Na ɗaga kai na dubi sama, abin da na daɗe ban yi ba. Ƴata ta fari, tana ƙarama a lokacin, ta yi dariya ta ce na zama kamar mazari.

Wannan shekarar ita ce mafi daɗi da nake iya tunawa. Ciwon ya yi nisa da juna. Dattawa suna ganin idona ta cikin gilashin, ƙorafi ya mutu. Na koma ajin zana ina rubutu a allo har a tashi. Na je bukukuwan suna, na bi mata gona lokacin cirar gyaɗa. Ranar wata Juma'a maigida ya ɗauke ni a babur muka zaga Birni, tsohuwar unguwar Zinder, da rana tsaka, muka tsaya kusa da manyan duwatsun nan muka sha rake, ba don komai ba sai don zan iya. Na gaya wa Inna na warke. Ta ce, "To, Allah Ya sa."

Ranar da mai duba malamai ya zo daga Mirriah, na shirya darasina tsaf, tabarau na fuskata. Ya zauna a bayan aji. Ina cikin karanta wa yara jimla sai ƙyallin ya bayyana, a cikin gilashin, a wurin da ya saba. Na ci gaba. Rabin allo ya ɓace. Na buɗe baki in kira sunan wata yarinya da na sani kamar ƴar cikina, sai wata kalma dabam ta fito. Na sake gwadawa, harshena ya ƙi. Yara suka fara kallon juna. Na fita da gudu, na durƙusa a bayan zanar na yi ta amai, kuma zana ba ta ɓoye sauti. Baƙon ya fito ya tsaya daga nesa, ya ce a kawo mini ruwa. Bai faɗi wata magana marar daɗi ba. Da ya faɗa, da wataƙila na samu wanda zan yi fushi da shi.

Daga nan ciwon ya dawo da ƙarfinsa, har ya fi da. Likita ya ba ni ƙwayoyi, ya canza, ya sake canzawa. Aka tausaya mini aka mayar da ni ofis a cikin gari, inda doguwar fitilar lantarki ke kaɗawa a saman kaina, ga na'ura mai ƙwaƙwalwa a gabana. Can ma ban jure ba. Kwanakin da nake kwance suka fi waɗanda nake aiki yawa. Ba wanda ya kore ni. Ni da kaina na ajiye aikin, saboda kunyar yadda abokan aiki ke raba aikina a tsakaninsu suna ce mini ba komai.

Har yanzu ina saka tabarau ɗin. Gilashin ya kakkarce, an ɗaure hannu ɗaya da zare. Alhaji ya tsufa ya daina zuwa, tabarau ɗin da ɗansa ya aiko mini kuwa roba ce aka rina, ba ta yi mini komai ba. Tsohon tabarau ɗin yana ba ni damar fita tsakar gida da safe in yi shara, in hura wuta. Iyakar abin da yake iya yi ke nan, kuma ba kullum ba.

Bara aka yi bikin ƴata. An kafa rumfuna a ƙofar gida, mata sun ci ado da lesuka masu ƙyalli, kowa na ɗaukar hoto da waya. Na fito na zauna a cikin ƙawayena, na karɓi gaisuwa kaɗan, sai na ji alamar. Ƙanwata ta riƙe hannuna ta mayar da ni ɗaki, ta sauke labule. Ina kwance ina jin guɗa da kiɗa ta cikin bango, kowane bugu yana sauka a kaina. Da za a tafi da amarya aka shigo da ita ta yi mini sallama. Ta durƙusa kusa da gado, ƙamshin turarenta ya tayar mini da zuciya, na danne. Ta ce, "Mama, ki dube ni mana, ko sau ɗaya." Aka ɗaga labule kaɗan. Na buɗe ido na ga lallen hannunta da gefen mayafi. Na ce mata ta yi kyau. Na sa mata albarka, aka fita da ita, ƙanwata ta ja ƙofa.