Galan Ɗin Surukin Baffa

Karaye, ƙarfe biyar da minti arba'in

Muna idar da sallar asuba na tarar Baffa Sani, ƙanen mahaifinmu, ya riga ya hakimce a gidan gaban mota, ya sha babbar riga, ga ƙunshin goro a cinya. Fulatan muka nufa, wajen sunan ɗan ƙanena Habibu, kuma sunan marigayi Babanmu za a mayar wa yaron. Baffa ya ce shi zai faɗa wa liman sunan da bakinsa, kuma a motar yayansa zai je. Habibu ya gargaɗe mu tun jiya cewa liman ba zai wuce takwas da rabi ba, don wani sunan na jiransa a ƙauyen gaba.

Motar irin 'yar kunkurun nan ce mai inji a baya, ta girme ni da shekara shida. Ba ta da aibu sai tsirfa wajen abin sha. Gidajen mai ba su buɗe ba, sai muka tsaya gun 'yan bumburutu, masu sayar da fetur a galan. Baffa ba ya yarda da kowane mai sai ya gwada. Zai ɗiga a bayan hannu ya hura: in ya bushe nan take ya bar fari, na kirki ne, in ya bar maiƙo, an yi masa haɗi.

Man mutum na farko Baffa ya ce da kananzir a ciki. Na biyu ya ce ya kwana a rana har ya salamce. Na uku ko ɗigawa bai yi ba.

"Baba, ai ba ka gwada ba," in ji mai man.

"Na gwada fuskarka, ɗana. Allah ya ba da kasuwa."

Haka muka bar Karaye ƙarfe shida, allurar mai tana kwance kamar mai zazzaɓi.

Turawa, shida da minti ashirin

A nan surukin Baffa yake, Malam Isiyaku, mahaifin matarsa, wanda ya haura casa'in. Ba a wuce ƙofar suruki ba gaisuwa, ko da gobara ake gudu. Baffa mai shekara saba'in da biyu ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai kamar sabon ango. Aka gaisa, aka tambayi gida, aka tambayi gona, aka tambayi gajiya, aka sake komawa kan gida. Ni dai agogo nake kallo.

Bakina ne ya jawo mana. Na ce, "Malam, a yi mana afuwa, za mu nemi mai a gaba."

"Mai? Kuna ƙofar gidana kuna neman mai?"

Tsohon ya shiga rumfar injin niƙansa, ya fito yana jan galan da kansa. Ya nufi bayan mota, na nuna masa cewa tankin a gaba yake, ya ce lallai Nasara bai san gaba da baya ba. Yana buɗe murfi warin ya buge ni. Gas ne, man injin niƙa! A wurin Malam duk abin da inji ke sha sunansa mai.

Na dubi Baffa. Na san ya ji warin, don hancinsa har rawa yake. Mutumin da ya kori mutum uku a Karaye, sai ga shi ya ƙura wa ƙasa ido. Na raɗa masa, "Baffa, gas ne fa."

"Rufe mana baki," ya ce ta gefen leɓe. Sannan ya ɗaga murya: "Allah ya saka da alheri, Malam. Allah ya ƙara girma."

Ni na riƙe mazurari da hannuna aka ɗura shi tas.

Hanyar Rogo

Kilomita biyu na farko lafiya lau, har na fara zaton kunkurun ta haƙura. Daga nan ta fara tari. Farin hayaƙi ya turnuƙe bayanmu, wani mai keke ya sauka ya shige gonar dawa. A shingen da ke kan hanya ba wanda ya nemi takarda. Suka toshe hanci suna ɗaga mana hannu mu wuce.

"Da ka yi magana, Baffa."

"In ce wa uban matata kyautarsa ba ta yi ba? A ƙofar gidansa? Kai dai ba ka da ta ido."

Ta mutu murus muna hango Rogo, ƙarfe bakwai da kwata. Wasu bayin Allah masu tafiya kasuwa suka taya ni turi, Baffa na ciki yana ba da umarni.

Rogo, bakwai da rabi

Bakanike Garba muka samu yana karya kumallo da koko da ƙosai. Ya sunsuna tankin, ya dube mu.

"Wane maƙiyin ne ya yi muku wannan?"

"Masoyi ne," in ji Baffa. "Yi aikinka."

Garba ya zuƙe tankin da mesa, ya wanke fulogi da kafireta. Na ce Baffa ya hau acaɓa ya yi gaba, ni na biyo shi. Ya ce in motar ba ta je ba, shi ma bai je ba. Gaskiya raina ya ɓaci, na kira Habibu, ya ce liman ya fara duban takalminsa. Gidan mai ya buɗe, na kawo fetur, kuma wallahi sai da Baffa ya ɗiga a hannu ya hura. Muka tashi takwas da minti goma.

Fulatan, tara saura kwata

Mun makara. Muna shan kwanar lungun gidan Habibu sai ga liman a kan babur yana fitowa, jama'a na kakkaɓe riguna. A daidai nan kunkurun ta yi atishawa ta mutu, ta toshe lungun daga katanga zuwa katanga. Ko akuya ba za ta wuce ba, balle liman.

"To," in ji liman yana dariya, "an tsare ni. Dama ban raɗa sunan ba, na ce su nemi wani. A mayar da tabarmi."

Aka zauna, aka raba goro. Liman ya ce, "Alhaji, wane suna?"

Baffa ya buɗe baki, ya rufe. Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin ya ambaci sunan Babanmu ba. Yaya yake cewa, tun suna yara har aka binne shi. Ya share ido da hannun riga, ya ce a hankali, "Usmanu." Aka shafa fatiha. Ni ma kuka na yi, ban ɓoye ba.

Komawa gida

Mun ci waina da naman suna, muka juyo bayan azahar, muka iso Karaye biyar saura minti goma. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina gode wa Garba, da masu turin da ban san sunansu ba, da Malam Isiyaku wanda ya ba mu abin da yake da shi da zuciya ɗaya.

Na kashe mota a ƙofar gida, amma Baffa bai fita ba. Ya daɗe yana shafa kujerar da nake kai, inda yayansa ya zauna shekara arba'in.

"Ka ji nauyin sunan a bakina?" ya ce. "Yanzu sai ku nemo wa yaron nan laƙabi. Ni dai na faɗa sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba."